Hawan salla da fareti a Tasawa da Mayahi: shirin da mai ɗaukar hoto zai yi kafin doki ya taso

A garuruwan gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jihar Maraɗi, da wuya a yi hawan salla, naɗin sarauta ko faretin ranar jamhuriya ba a ga hannuwa birjik a sama riƙe da salula ba. Kowa na son ya koma gida da hoton sarki a ƙarƙashin laima, ko na ɗansa a layin ƴan makaranta, ya tura wa dangi a Yamai, Kano, Agadas ko Libiya. Amma da yamma, idan aka zauna duba abin da aka ɗauko, yawanci ƙeyar mutane ce, da dawakin da suka zama inuwa cikin ƙura, da fuskokin da suka yi duhu a ƙarƙashin farin rawani.

Akan ɗora wa wayar laifi, a ce ƙarama ce. Kyamara mai tsada tana da nata amfani, sai dai mafi yawan abin da ke ɓata hoton jerin gwano ya riga ya faru tun kafin a danna maɓalli: an tsaya inda bai dace ba, an fuskanci rana, ba a san wanda zai fara fitowa ba. Hawa kuma ba ya jiran kowa. Sarki sau ɗaya yake wucewa ta kowace kwana, wanda ya rasa wannan daƙiƙar sai wata sallar. Mai sana'ar hoto ya yi asarar cinikin ranar da ta fi kawo masa kuɗi a shekara, wanda ya kutsa gaban doki don neman hoto kuwa yana iya ƙarewa a gadon likita.

Kowane taro da tsarinsa

Jerin gwanon da ake gani a wannan yanki iri biyu ne. Akwai na sarauta: hawan ƙaramar salla da na sallar layya, lokacin da sarki ke komawa fada daga filin idi, da hawan da ake yi idan an naɗa sabon sarki ko an yi babban baƙo. Akwai kuma na hukuma da na ƙungiyoyi, wanda aka fi sani da defile. A cikinsa akwai na 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriyar Nijar a 1958, da na ma'aikata ranar 1 ga Mayu, da na 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ke tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991. Zagayen Maulidi na ɗaliban Islamiyya ya fi kusa da wannan kashi na biyu.

Defile yana bin miƙaƙƙiyar hanya, ƙungiya bayan ƙungiya, kuma kowa yana gyara takunsa idan ya iso gaban rumfar manyan baƙi. Wanda ya samu wuri ƴan taku kaɗan bayan rumfar zai iya tsayawa a nan har a watse, komai zai zo ya same shi. Babban bikin ƙasa, kamar na Maraɗi Kwalliya a Disambar 2015, yana da tsauraran matakai da wurin da aka keɓe wa ƴan jarida. Na gunduma ya fi sauƙi, ana iya matsowa kusa.

Hawa kuwa yana tafiya yana tsayawa. Sarki kan ja linzami ya amsa gaisuwa, makaɗa su canza take, samari su ɓalle da sukuwa ba sanarwa. A fadoji da dama ana ƙarewa da jahi a ƙofar fada, inda mahaya ke tasowa a guje, su tsaya cak a gaban sarki, su yi jinjina. Kowace fada tana da nata jeri: wa ke gaba, ina ƴan bindiga suke, ina masu kakaki da algaita, ina dogarai. Na Tasawa ba lalle ne ya zo ɗaya da na Mayahi, Korgom ko Kanambakashe ba, balle na Kano ko Katsina da ake gani a bidiyo. A tambayi dogari ko wani dattijon fada tun kafin ranar: ta ina za a bi, ina ake tsayawa, daga ina ake taso jahi.

A taka hanyar tun jajibere, a duba inda rana take

Aiki na farko shi ne a bi hanyar da ƙafa tun jajibere, a daidai sa'ar da za a yi hawan. A lura da kwanoni, domin a kwana ne jeri ke rage gudu, kuma a nan ake samun fuskar na gaba tare da layin da ke biye da shi. A lura da abin da zai fito a bayan mutanen. Katangar fada, zaure, dogon yaro ko hasumiyar masallaci suna nuna garin da aka ɗauki hoton, turakun wuta da allunan talla kuwa raba hankalin mai kallo suke yi. A nemi wuri mai tudu, kamar dakali, bayan mota a tsaye, ko kan soro idan mai gida ya yarda.

Sai a duba rana. Abin da ake so shi ne ta kasance a bayan mai hoto ko a kafaɗarsa, ta haska fuskar mahayi. Tasawa da Mayahi suna kusa da digiri 14 a arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa ranar ke canza gefe cikin shekara. A Disamba tana fitowa wajen ƙarfe 7 saura kwata daga kudu maso gabas, ta yini a kudu. A kan titin da ya miƙe gabas da yamma, kamar babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta bi ta Tasawa tsakanin Maraɗi da Damagaram, gefen kudu ne wurin tsayawa a wannan lokaci, mutum ya fuskanci arewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana karkata arewa da tsaka, a watan Yuni ma a arewa take yini, sai a koma gefen arewa. A ƙarshen Maris kuma daga gabas sak take fitowa.

Salla tana matsowa gaba da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar salla ta faɗo a ƙarshen Maris, sallar layya a farkon Yuni. Ke nan wurin da ya ba da hoto mai kyau shekara 5 da suka wuce yana iya zama wurin da ake fuskantar rana bana.

Idan filin idi yana gabas da fada, mahaya za su dawo da ranar safe a bayansu, kuma duk wanda ya tare su ta gaba zai samu baƙaƙen inuwoyi ne kawai. Mafita ita ce a tsaya a gefe a bar su su kawo daidai, ko a jira su a kwanar da suke juyawa kudu ko arewa.

Matsala ta biyu ita ce ranar tsaka. A wannan yanki rana tana kaiwa ƙoli wajen ƙarfe 12 da rabi, kuma a farkon Mayu kusan a tsakar ka take tsayawa. Daga ƙarfe 11 zuwa 2 rawani, malafa da hular soja suna rufe idanu da inuwa. Idan taro ya ja har wannan lokaci, a mayar da hankali ga hotunan fili masu nuna yawan jama'a, hoton fuska kuwa a ɗauke shi a inuwar itace ko ta zaure.

Farin kaya da baƙar fuska

Kyamara, ta waya ce ko babba, tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. Idan fararen riguna suka cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, fuska ta nutse. A waya, a taɓa fuskar mutumin a kan allo, sannan a ja ƴar alamar rana da ke fitowa zuwa sama kaɗan. A yawancin wayoyi, idan aka danne wurin na daƙiƙa biyu, haske da saiti suna kullewa, ba sa canzawa duk lokacin da wani ya gifta. A babbar kyamara maɓallin da ke da alamar +/- ne ke wannan aiki, kuma ƙarin +0,7 zuwa +1 yakan isa.

Ƙarin yana da iyaka. Idan fari ya ƙone, aikin allurar da ke ƙirjin babbar riga, aska biyu ce ko aska takwas, ya tafi ke nan, babu gyaran da zai dawo da shi. Duhu kuwa ana iya ɗan buɗe shi daga baya. A riƙa ƙara hasken har fuska ta fito, a tsaya tun ɗinkin yana nan. Tsarin HDR yana taimakawa wajen haɗa fari da duhu idan mutum a tsaye yake, amma a kan abin da ke gudu yakan bar inuwa biyu. A kashe tsarin gyaran fuska da ke zuwa a kunne a wayoyi da yawa, domin yana goge tsaga da furfura, ya mayar da dattijo kamar ɗan tsana.

Doki a guje

Kyamara tana buɗe idonta ta rufe cikin wani ɗan yanki na daƙiƙa, kuma duk motsin da aka yi a wannan tsakani a shafe yake fitowa. Doki mai sukuwa yana iya yin kilomita 40 a awa, wato kusan mita 11 a daƙiƙa guda. Idan ƙiftawar ta ɗauki 1/100 na daƙiƙa, dokin ya matsa santimita 11 kafin idon ya rufe, hoton ya dagule. A 1/1000 kuwa kusan santimita 1 kawai ya matsa.

Mai babbar kyamara sai ya juya ta zuwa S, ko Tv a ta Canon, ya zaɓi saurin da kansa: 1/1000 don sukuwa da jahi, 1/500 don masu maci da hannun makaɗa, 1/250 don dokin da ke taku. A rana mai ƙarfi, f/5,6 da ISO 100 suna tafiya daidai da 1/1000. Idan akwai hazo ko hadari, a ɗaga ISO zuwa 200 ko 400. A kunna saitin da ke bin abu mai motsi, AF-C a Nikon da Sony, Servo a Canon.

Waya takan zaɓi ƙiftawa mai sauri da kanta idan rana ta wadata, kuma wayoyi da yawa suna da sashen Pro inda ake saita ta da hannu. Abin da ya fi taimakon mai waya shi ne ɗauka a jere. A iPhone ana jan maɓallin zuwa hagu, a Samsung ana jan shi ƙasa, a wasu kuma danne shi ake yi. A gwada tun a gida, don a wasu wayoyin dannewar bidiyo take kunnawa. Wayar tana ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, saboda haka a kulle saiti a kan wani wuri da dokin zai taka, a fara ɗauka tun bai iso ba.

Cikin hotuna 20 na jere, ɗaya ko biyu ne za su yi kyau, kuma ba kasawar mai hoto ba ce: ido ba ya iya bin ƙafar doki. Sai a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna akwai lokacin da kofatai huɗun duk suke sama, a tattare a ƙarƙashin cikin dokin. Wannan daƙiƙar ce ake nema cikin jerin.

Akwai wata dabara ga wanda hannunsa ya faɗa. A rage saurin zuwa 1/60 ko 1/30, a bi mahayin da kyamara daga ƙugu kamar mai bin tsuntsu da gwafa, a danna ana cikin juyawa. Mahayin zai fito sarai, jama'ar da ke bayansa su zama zane-zane, gudun ya bayyana. Tana cin hotuna da yawa kafin a dace, don haka a koye ta a kan ƴan kabu-kabu a ranar kasuwa kafin a kai ta ƙofar fada.

Jawo hoto da yatsu biyu a allon waya yanka shi kawai yake yi, ingancinsa ya ragu. Idan wayar tana da ido na biyu mai alamar 2x ko 3x, a yi amfani da shi. Idan babu, a ɗauka yadda yake, a yanke daga baya.

Nisa da kofato

Idon kyamarar waya mai faɗi ne, yana nuna abu da nisa fiye da yadda yake. Dokin da ake gani ƙarami a allo yana iya kasancewa mita 20 kawai, kuma a gudun da aka lissafa a sama bai kai daƙiƙa 2 ba zai iso. Shi ya sa durƙusawa a tsakiyar filin jahi, ko juya wa dawaki baya don ɗaukar hoton kai, ganganci ne. Ba kowane doki ne ke tsayawa inda mahayi ya ja shi ba, kuma mahayin da ya kauce wa mai hoto yana iya faɗawa cikin ƴan kallo.

A tsaya a gefen layin gudu, kusa da itace, katanga ko mota da za a iya fakewa da ita. Doki ba ya ganin abin da ke bayansa sak, kuma idan ya firgita shuri yake kaiwa, don haka kada a ratsa ta bayansa. A kashe fulash, da rana ba ya ƙara komai a nisan mita 10, a kusa kuma yana iya razana dabba. Ƴan bindiga ko da ba su sa harsashi ba, albarushi yana fitar da wuta da tartsatsi, saboda haka a ɗauke su ta gefe, daga baya kaɗan, inda hayaƙin ma ya fi fitowa da kyau.

Mai hoto da idonsa ke kan allo yana buƙatar abokin da zai duba masa baya. Ya kuma tuna yara suna bin mai kyamara duk inda ya shiga. Idan dogari ko ɗan sanda ya ce a ja baya, a ja. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi sai da izinin hukuma ake tashinsa, kuma ƙararsa a kan dawaki haɗari ce.

Ƙura, zafi da batir

Faretin Disamba yana faɗowa cikin hunturu. Hazo yana tausasa rana, fuska ta fito ba inuwa mai kaifi, amma yana dusashe duk abin da ke nesa, don haka hotunan kusa ne suka fi kyau a irin wannan rana. Ƙurar da dawaki ke tayarwa ita ma tana da amfani. Idan rana tana bayanta, sai ta yi haske kamar hayaƙi, mahaya su fito baƙi a cikinta. Wannan ne wuri ɗaya da fuskantar rana ke biya. A lura da iska, a tsaya ta inda take fitowa, ƙurar ta tafi can.

Yashi yana karce gilashi. A hure shi tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi, ba da bakin riga ba. Mai babbar kyamara kada ya canza gilashi a fili, ya zaɓi ɗaya tun daga gida. Idon waya kuma a goge shi kafin a fara, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto ya yi hazo.

A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a jihar Maraɗi, alhali kamfanin Apple, misali, digiri 35 ya sa a matsayin iyakar zafin wurin da ya dace a yi aiki da wayarsa. Wayar da ta ɗau zafi tana rage hasken allo, wani lokaci ta rufe kyamarar. A cire mata riga, a riƙa kashe allon tsakanin ƙungiya da ƙungiya, a ajiye ta a inuwa. A yi caji tun dare tare da batirin ko-ta-kwana. A share wuri a cikin wayar, domin minti ɗaya na bidiyo mai inganci yana iya cin kusan mega 100.

Hawa ba sarki kaɗai ba ne

Kowa yana komawa gida da hoton sarki. Wanda zai ba da labarin ranar yana buƙatar iri uku. Na farko hoton fili daga tudu, mai nuna cikar hanya da inda ake. Na biyu hoton mutum ko ƙungiya: mai algaita kumatunsa a kumbure, kakaki a ɗage, zagi riƙe da ragama, ƴan makaranta ƙafarsu a sama daidai da bugun ganga. Na uku hoton kusa: likkafa, adon sirdi da jalala, lallen hannun mai guɗa, gumin wuyan doki.

Yawancin waɗannan ana samun su ne kafin a fara. Da sassafe, a gidajen da ake ɗaura wa dawaki sirdi da wurin da ƙungiyoyi ke jeruwa, haske mai laushi ne, kaya ba su yi ƙura ba, mutane kuma suna da lokacin tsayawa. A juya kuma a kalli ƴan kallo, yaron da ke kan wuyan babansa ko tsohuwar da ke nuna jikanta a cikin layi. A bar wa doki fili a gefen da ya nufa, kada a yanke masa ƙafafu, a riƙe wayar a kwance idan jeri ake so, a tsaye idan mahayi ɗaya ne.

Izini da doka

Wanda ya shiga jerin gwano ya san za a ɗauke shi. Ƴan kallo kuwa kallo ya kawo su. Kafin a matso da kyamara fuskar matar aure, budurwa ko yaro, a yi sallama a nemi izini, idan an ƙi a wuce. A filin idi ba a ratsa gaban masu salla, daga gefen sahu ake ɗauka. A fada akwai wuraren da ba a shiga da takalmi da waɗanda ba a ɗauka sam, kuma dogarai ne za su faɗa.

Batun jami'an tsaro ya fi nauyi a halin da ƙasa ke ciki. Sojoji, jandarmomi da ƴan sanda da ke maci a gaban rumfa wani abu ne, shingen bincike, bariki, motocin sintiri da jami'an da ke gadi a gefe wani abu ne daban. Waɗannan a bar su. Wanda zai ɗauka don jarida ko don sayarwa ya gabatar da kansa ga masu shirya bikin tun da wuri, ya riƙe katinsa.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Akwai kuma dokar 2019 kan laifuffukan intanet, wadda aka yi wa gyara a Yunin 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Hoton wanda ya faɗo daga doki, idan aka watsa shi da kalaman izgili, ko tsohon hoton turmutsitsi da aka ce na yau ne, yana iya kai mutum gaban alƙali. Idan hatsari ya faru, taimako ne a gaba.

Bayan an watse

A zaɓi hotuna tun a daren, 10 ko 15 masu kyau, a share sauran. WhatsApp da Facebook suna matse hoto, kuma duk lokacin da aka sake ɗaukarsa daga allo ƙara lalacewa yake yi. Wanda za a wanke a takarda a tura shi a matsayin fayil, ko aƙalla a danna alamar HD da WhatsApp ya ƙara a 2023. A ajiye na asali a wuri biyu, katin memori da kwamfuta ko intanet, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Ga mai sana'a, a yi ciniki da mahayi ko ƙungiya tun kafin hawa, a san hoto nawa ne da ranar karɓa. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya samu babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venis a 2007, yakan manna ƙananan hotunan kowane biki a kan takarda, kowanne da lambarsa, da kwanan wata da sunan taron, masu hoto su zo shagonsa su zaɓa. Wannan tsari ne ya ba shi ciniki, shi ne kuma ya sa aka iya gane hotunan bayan shekaru da dama. Haƙƙin hoto na wanda ya ɗauka ne, kuma hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mallakar fasaha a Nijar. Wanda ya sake wallafa hoton wani ya ambaci sunansa.

Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka Tasawa a Janairun 1851, kuma abin da ya bari game da garin rubutu ne. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma irin wannan rajista sai an haɗa takardun nema da hotuna da bidiyo. Hawan Tasawa, Mayahi, Urafan ko Hawandawaki, hotunansa suna warwatse ne a wayoyin jama'a, yawancinsu ba suna ba shekara. Abu huɗu sun isa a rubuta a sunan fayil ko a bayan takardar: gari, kwanan wata, wane hawa ne, da sarautar wanda ke kan dokin. Idan akwai dattijo a kusa, a nuna masa hoton tun a ranar, ya faɗi sunan makaɗin da taken da yake kaɗawa, a ƙara a rubutun.